Rakoda a Hannun Mai Kallon Tsuntsaye da Namun Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu fita kallon tsuntsaye sun fara ne da littafi da biro, kuma har gobe littafin yana nan da matsayinsa. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadama, hannuwansa biyu riƙe da madubin hangen nesa, tsuntsaye suna sauka garke-garke, ya san cewa a daidai lokacin da ya sunkuyar da kai domin rubuta layi ɗaya, a lokacin ne abin da ya zo gani yake wucewa. Wannan ne ya sa wasu suka koma faɗin abin da suke gani a cikin ƙaramar rakoda, su rubuta shi bayan sun koma masauki. Ga tambayoyin da sababbin shiga suka fi yi game da wannan hanya.

Me rakoda take yi wanda littafi da biro ba sa yi?

Tana barin idon mutum a kan tsuntsu. Ɗan tsuntsun da ya sauka a reshen bagaruwa ba ya jiran kowa, sau da yawa daƙiƙa biyar ko goma kawai zai ba ka, kuma a cikin wannan ɗan lokaci bakinka zai iya faɗin launin ƙirjinsa da tsawon bindinsa da yadda yake kaɗa shi, alhali da biro ba za ka wuce kalma uku ba. Tana kuma aiki a inda rubutu yake wahala, kamar da duku-duku kafin gari ya waye, ko da dare wajen sauraron mujiya da yautai, ko a cikin kwalekwale mai tangaɗi, ko a bayan mota a kan hanya mai gargada. Da sanyin asubar hunturu, lokacin da yatsu suke sandarewa, amfaninta ya fi fitowa.

Abin da ba ta iyawa shi ne zane. Siffar baki ko tsarin layukan da ke fuskar tsuntsu sun fi fita a zane, ko da zanen bai yi kyau ba, saboda haka bai kamata rakoda ta kori ɗan littafi daga aljihu ba.

Ɗaukar muryata da ɗaukar kukan tsuntsu aiki ɗaya ne?

A'a, ayyuka biyu ne, kuma rashin bambance su shi yake sa mutane sayen na'urar da ba ta dace da buƙatarsu ba. Na farko shi ne naɗar bayanin da kai kake faɗa, bakinka yana kusa da makirfo, kuma kusan kowace na'ura za ta yi wannan. Na biyu shi ne naɗar sautin da ke fitowa daga wata halitta da take nesa da kai, wadda iska da kukan babur da haushin karen ƙauye suke gasa da ita. Wannan na biyun tsohuwar sana'a ce mai zaman kanta. A 1889 wani yaro ɗan shekara takwas a birnin Farankfot na Jamus, Ludwig Koch, ya naɗi kukan wani tsuntsun keji a kan na'urar kakin zuma ta wancan zamani, kuma wannan ne ake ɗauka a matsayin naɗin kukan tsuntsu na farko da aka sani. Yau akwai rumbuna biyu da suka fi shahara wajen tara irin waɗannan sautuka, wato Macaulay Library na Jami'ar Cornell a Amurka, da xeno-canto da aka kafa a ƙasar Holan a 2005.

Wanda burinsa bayanan fita ne kawai, aikin farko ya ishe shi. Amma da wuya mutum ya daɗe da rakoda a hannu bai fara juya ta wajen tsuntsun ba.

Dole ne sai na sayi rakoda, ko wayata ta wadatar?

Waya ta wadatar domin farawa, kuma shawarata ita ce kada kowa ya kashe kuɗi sai ya yi fita biyar ko shida da waya ya tabbatar hanyar ta karɓe shi. Amfanin waya shi ne tana riƙe da sahihin lokaci, tana nuna wurin da mutum yake, kuma ba ta ƙara kaya. Aibinta yana bayyana ne a daji. Sai an buɗe fuskarta an nemo manhaja, wanda hakan yana janye ido daga tsuntsu kamar dai yadda biro yake yi. Hasken rana yana hana ganin fuskar. Kira yana iya shigowa ya katse naɗi. Sannan cajin da za a nemi taimako da shi idan mota ta lalace shi ake ƙonawa.

Ƙaramar rakoda irin ta 'yan jarida, wadda kamfanoni kamar Sony da Olympus suka yi suna a kanta, tana da maɓalli na zahiri da yatsa yake lalubowa ba tare da an duba ba, kuma wannan shi ne babban fifikonta. Idan za a saya, a nemi mai amfani da ƙananan batura da ake samu a kowane shago, mai ramin saka katin ajiya, mai kuma makullin da yake hana maɓallai dannuwa a aljihu. Masu son naɗar kuka da gaske sukan matsa zuwa na'urorin Zoom ko Tascam, daga baya su ƙara dogon makirfo mai fuskantar waje ɗaya, ko faranti mai tattaro sauti.

Me ya kamata in faɗa a farkon kowace fita?

Kwanan wata da shekara, lokaci, sunan wuri, yanayin gari, da adadin mutanen da kuke tare. A faɗe su da baki ko da na'urar tana rubuta lokaci da kanta, domin agogon rakoda ba abin dogaro ba ne. Ni kaina na taɓa canja batura a hanya, agogon ya koma wata shekara da ta daɗe da wucewa ban lura ba, na dawo da fayiloli na kwana uku masu ɗauke da kwanan watan ƙarya, kuma abin da ya cece ni shi ne gabatarwar da na saba yi da baki. Ga misalin yadda take kasancewa:

"Asabar, 11 ga Janairu 2025, ƙarfe bakwai saura kwata na safe. Bakin tafki, gabas da ƙauye, ina tsaye kan tudun da masunta suke ɗaure jirage. Akwai hazo, ana ganin tsallaken ruwa da ƙyar, iska kaɗan daga arewa maso gabas. Mu biyu ne. Na fara ƙirga."

Bayan haka, kowane bayani ya fara da lokaci, sannan sunan tsuntsu, sannan adadi, sannan abin da yake yi. Idan aka canja wuri a faɗa, idan an gama a faɗi lokacin gamawa da kimanin nisan da aka taka. Wannan na ƙarshe mutane suna yawan mantawa da shi, alhali jerin tsuntsaye ashirin da aka samu cikin minti talatin a tsaye daban yake da jerin ashirin da aka samu cikin awa huɗu ana tafiya, kuma masu nazari ba za su iya kwatanta jeri da jeri ba sai sun san ƙoƙarin da aka yi.

Idan na ga tsuntsun da ban sani ba, yaya zan siffanta shi?

Nan ne rakoda take biyan kuɗinta. Ƙa'idar ita ce a faɗi abin da ido ya gani kafin a faɗi abin da zuciya take zato, kuma kafin a buɗe littafin hotuna. Dalili kuwa shi ne da zarar mutum ya kalli hoto, ƙwaƙwalwarsa takan ɗora zanen littafin a kan tsuntsun da ya gani, har ya rantse cewa ya ga farin layi a fiffike, alhali a shafin littafi ya gan shi.

A fara da girma, ta hanyar kwatantawa da tsuntsun da kowa ya sani: ya kai kurciya, bai kai hasbiya ba, ya ɗara hankaka, tsayinsa kamar balbela. Daga nan a bi jikinsa daga baki zuwa bindi a jere, kullum ta hanya guda, domin kada a tsallake wani sashe. Bakin gajere ne mai kauri irin na masu cin tsaba, ko siriri irin na masu cin ƙwari? Akwai layi a saman ido? Wuya da ƙirji launinsu ɗaya? Ƙafafu jajaye ne ko baƙaƙe? Sai a faɗi inda yake da abin da yake yi, ko a ƙasa yake tsalle, ko a ƙolin bishiya, ko yana kai farmaki ga ƙwaro ya dawo reshen da ya tashi. Abin da ba a gani ba ma a faɗe shi. Jimla irin "ban ga ƙafafunsa ba, ciyawa ta rufe" tana da daraja, domin da dare za ta hana ka cike giɓin da abin da ranka yake so. A ƙarshe ne za ka ce kana zaton wane ne, ka kuma bayyana ƙarfin zaton.

Tana taimakawa wajen ƙirga manyan garkuna?

Ƙwarai kuwa. A wurare irin fadamun Hadeja da Nguru, inda agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da suke gudo sanyin Turai suke haɗuwa da na gida irin su kirinjijiya da dinya, mai ƙirga ba ya iya ɗauke ido daga madubi, domin idan ya ɗauke ba zai gane inda ya tsaya ba. A irin waɗannan wurare ne ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967 kuma ake yin ta cikin watan Janairu. Dabarar da aka saba ita ce a ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, a riƙe girman wannan tarin a ido, sannan a bi garken goma-goma ko ɗari-ɗari ana faɗa wa rakoda jimla a kowace gaɓa, kamar daga bakin ciyawa zuwa kututturen da ke tsakiyar ruwa.

Akwai wani tarko da ya shafi mai ƙirga da Hausa. Ashirin, talatin, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, duk ƙarshensu ɗaya ne, kuma idan iska ta cinye farkon kalmar ba za ka san wanne ka faɗa ba. Maganinsa shi ne maimaita lamba da alƙalumanta, a ce "sittin, shida da sifili". Haka nan a riƙa bambancewa da baki tsakanin adadin da aka ƙirga da wanda aka ƙiyasta.

Maganata ba za ta kori tsuntsayen ba?

Motsi ya fi korar su fiye da murya ƙasa-ƙasa. Idan rakodar tana maƙale a wuyan riga ko a igiyar madubi, kusa da baki, ɗan gunaguni ya isa. Raɗa ba ta da kyau, domin tana fita da huci wanda yake da wuyar fahimta daga baya. Idan kuna da yawa, a ja baya kaɗan, saboda abokin tafiya yana iya kasancewa yana sauraron wani kuka mai nisa.

Wane saiti ya kamata in zaɓa?

Domin bayanin baki, tsarin fayil ɗin sauti na MP3 ya isa, kuma a matsakaicin inganci minti ɗaya ba ya wuce kimanin megabait ɗaya. Domin kukan tsuntsu kuwa, a zaɓi tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, saboda MP3 yana rage girman fayil ne ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunnen mutum ba zai lura da su ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Saitin da aka fi ba da shawara shi ne 48 kHz da 24 bit (kHz ma'aunin mitar sauti ne, bit kuma na zurfin naɗi), wanda a layin sauti ɗaya yake cin megabait takwas da rabi da ɗoriya a minti, wato fiye da megabait 500 a awa. Na'ura tana iya kama sautin da bai wuce rabin lambar farko ba, saboda haka 48 kHz ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam yake ji, wanda iyakarsa kusan 20 kHz ce. Yawancin kukan tsuntsaye yana tsakanin 1 da 8 kHz.

Akwai saituna biyu da suke da amfani a ɗakin taro amma suke ɓata aiki a daji. Ɗaya shi ne wanda yake sa rakoda ta fara naɗi da kanta idan ta ji murya, domin yana yanke farkon kalma, kuma farkon kalmar nan galibi lamba ce ko suna. Ɗayan shi ne mai daidaita ƙarfin sauti da kansa, wanda yake ɗaga hayaniyar gari duk lokacin da tsuntsu ya yi shiru, ya danne kukan idan ya dawo. A kashe su duka biyun.

Yaya zan yi da iska da ƙura da zafi?

Iska ita ce babbar abokiyar gabar makirfo, kuma iskar hunturu ba ta da sassauci. Soson da ake sayar da rakoda da shi yana rage ta kaɗan, amma murfi mai gashi ya fi shi nesa ba kusa ba. Idan babu, safa mai kauri ta fi babu. Juya wa iska baya domin jikinka ya kāre na'urar yana taimakawa. Ƙura tana shiga ramukan makirfo da na caji, don haka a ajiye rakoda cikin ƙaramar leda mai zif idan ba a aiki da ita. Da bazara kada a bar ta a kan allon gaban mota, da damina kuma kada a rufe ta cikin leda tana da danshi. Batura na ajiya su zauna a aljihu dabam, kuma a cire na ciki idan za a ajiye na'urar wata da watanni, saboda suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen da suke taɓawa.

Idan ina son naɗar kukan tsuntsu, mene ne ya fi muhimmanci?

Kusanci ya fi tsadar na'ura. Duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakaninka da tsuntsu zuwa rabi, ƙarfin sautinsa a makirfo yana ƙaruwa da kimanin desibel shida, alhali hayaniyar gari tana nan yadda take. A fara naɗi daga nesa domin kada a tashi a tutar babu, sannan a matsa a hankali a sake. A tsaya cak, domin ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi da gogar yatsa a jikin rakoda suna fita fiye da yadda ake zato. A bar shi ya yi kuka sau da yawa, ko da minti ɗaya ne ko biyu, kuma kafin a kashe a faɗi sunansa, lokaci, wuri, da ko an gan shi da ido yana kukan. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, domin sau da yawa mutum yana kallon tsuntsu ɗaya, wani ne dabam a cikin ganye yake kukan.

Wanda yake shakkar darajar wannan aiki ya dubi abin da ya faru a tsaunukan Jos. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye na dangin Vidua waɗanda ba sa yin sheƙa, sai dai su saka ƙwansu a sheƙar wani, kuma namijin yana tashi da kwaikwayon kukan tsuntsun da ya rene shi. Nau'o'insu suna kama da juna ƙwarai, ta yadda kukan ya fi launi bayyana ko wane ne. Bin diddigin kukan nau'in da ke yankin Jos yana daga cikin abin da ya kai ga gano cewa ɗan jan tsuntsun duwatsun da yake renonsa nau'i ne da kimiyya ba ta sani ba, kuma masanin tsuntsaye Robert Payne ya bayyana shi a 1998. Ana ganin wannan jan tsuntsu a dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take tun 2001.

Manhajojin da suke gane kuka ba su rage wannan wahala ba?

Sun rage wani ɓangare. Manhajar Merlin ta Cornell ta fara gane kuka a 2021, akwai kuma BirdNET, kuma dukansu suna mayar da sauti hoto ne su kwatanta shi da abin da aka horar da su a kai. Amma an fi horar da su da tsuntsayen Amurka da Turai, inda naɗe-naɗe suka yi yawa, saboda haka a ƙasa irin Nijeriya mai nau'in tsuntsaye fiye da 900, manhaja tana iya yin shiru, ko ta ba da sunan da ba shi ba ne. A ɗauki amsarta a matsayin shawara, a faɗa wa rakoda cewa manhaja ce ta ce haka, kada a shigar da suna cikin jeri sai ido ko kunne ya gaskata.

Ga namun daji fa, me ya bambanta?

Dabba ba ta cika bayyana ba, galibi alamunta ake samu, don haka bayanin ya fi karkata ga sawu, kashi, ɓawon bishiyar da aka ɓare, wurin birgima da hanyar zuwa ruwa. A faɗi tsawo da faɗin sawu, inda ya nufa, ko gefensa yana da kaifi alamar sabo ne, ko iska ta fara share shi, ko wani sawun ya taka shi. A ɗauki hoto da biro a gefe domin awo, a faɗi lambar hoton a rakoda. Idan garke aka gani, kamar gwanki ko ɓauna ko giwayen Yankari a kusa da kogin Gaji, ko raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar, abin da ake buƙata shi ne adadin manya da ƙanana, maza da mata idan an iya bambancewa, alamun da suke ware ɗaya daga saura kamar karyayyen ƙaho ko yagaggen kunne, da yadda suka yi sa'ad da suka ji mota.

Ƙaramar rakoda tana da iyaka a nan. Giwaye suna kiran juna da wani sauti mai zurfi da yake ƙasa da abin da kunnenmu yake ji, abin da Katy Payne ta fara lura da shi a 1984 a wani gidan namun daji na birnin Fotlan a Amurka, kuma jemagu masu cin ƙwari suna amfani da sautin da ya haura 20 kHz. Duka biyun suna buƙatar na'urori na musamman. Sannan a kusa da manyan dabbobi, maganar jagora ita ce gaba da komai. Idan ya ce a yi shiru, bayani ya jira. A sansanin baƙi na Wikki da ke Yankari kuma, kada a ajiye rakoda a kan tebur a juya baya, domin gwaggon birin wurin ba sa tambayar ko abin ci ne kafin su ɗauka.

Ya halatta in kunna kukan da na naɗa domin in jawo tsuntsu?

Yana aiki, kuma nan matsalar take. Namijin da ya ji kukan irinsa a cikin yankinsa yana zaton kishiya ce ta shigo, sai ya bar ci da gadin sheƙa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi. A ganina mai kallo na sha'awa ba ya buƙatar wannan. Wanda bincike ya tilasta masa ya taƙaita, ya sassauta ƙara, ya guji lokacin ƙyanƙyasa da nau'o'in da suke fuskantar ƙarewa, ya kuma tambayi hukumar gandun, domin wurare da dama sun hana. Idan an kunna, a faɗa a cikin bayanin, saboda kukan da tsuntsu ya mayar a fusace ba shi ne kukansa na yau da kullum ba.

Zan iya naɗar maganar mutanen da na tarar a wurin?

Da izininsu, kuma wannan yana cikin mafi albarkar abin da rakoda take kawowa. Masunci da makiyayi da maharbi sun san watan da shamuwa take isowa gabanin damina, sun san bishiyar da ungulaye suke kwana a da, da shekarun da aka daina ganin gauraka a fadamarsu. Sunayen tsuntsaye ma suna bambanta daga gari zuwa gari, wasu ba su taɓa shiga ƙamus ba, kuma jin suna daga bakin mai shi yana adana karin sautinsa da tsawon wasalinsa, abin da rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa. A fara da gaisuwa, a je wurin mai unguwa idan baƙon wuri ne, a nuna na'urar a bayyana abin da za a yi da maganar. Baƙon da aka gani shi kaɗai a bayan gari da madubi yana magana cikin wani ɗan abu yana jawo zargi, musamman a yankunan da suke fama da rashin tsaro, kuma kusa da barikin soja ko shingen jami'ai gara a mayar da komai jaka.

Bayan na dawo gida, sai me?

Sai babban aikin, wanda a kansa ne mafi yawan masu rakoda suke faɗuwa. Maganar da ke cikin fayil ba ta zama bayani ba tukuna, domin ba a iya duba ta da ido ɗaya, ba a iya neman suna a cikinta, ba a iya aika ta ga mai tattara alƙaluma. Joseph Grinnell, wanda ya shugabanci gidan adana samfuran dabbobi na Jami'ar Kalifoniya a Bakli tun daga 1908, ya koya wa ɗalibansa tsarin da masana da yawa suke bi har yau: gajerun bayanai a fili, sannan a kwafe su cikin babban littafi a daren ranar. Rakoda ta maye gurbin kashin farko ne kawai.

Dalilin yin sa a daren shi ne akwai abubuwa da dama da ka faɗa rabi-rabi saboda kana ganinsu. "Ga wani kuma a hagu" yana da ma'ana yau, bayan mako biyu kuwa ba ka san hagun me ba, ba ka san wane ne na farkon ba. Na taɓa tara naɗin fita huɗu ina cewa sai na samu sarari, da na zauna a kansu sai na tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ya zama tatsuniya, na zubar da shi dole. Tun daga lokacin nake rage surutu a fili, domin a lissafina kowane minti na magana yana cin minti biyu ko uku wajen kwafa. Gajerun fayiloli masu yawa sun fi dogo ɗaya sauƙin bi, kuma sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan wuri, domin su jeru da kansu a kwamfuta.

Manhajojin da suke mayar da magana rubutu suna iya rage aikin, wasunsu suna jin Hausa, amma a sunayen tsuntsaye da lambobi suke tuntuɓe, wato daidai wuraren da kuskure ya fi tsada. Duk abin da suka fitar sai an bi shi da kunne. Wajen kwafa, a rubuta abin da aka faɗa a fili yadda yake, abin da aka gano daga baya kuma a sa shi a layi dabam da alamar cewa ƙari ne.

Ina zan kai bayanan domin su amfani wasu?

Jerin tsuntsaye yana iya shiga eBird, rumbun intanet na bayanan masu kallon tsuntsaye da aka buɗe a 2002, ko shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, wanda ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita tara a kowane gefe. Cikakken kati, wato cikakken jerin tsuntsaye, a wannan shiri yana buƙatar aƙalla awa biyu na nema a murabba'i ɗaya, ana jera nau'o'i bisa tsarin da aka gan su, kuma rakoda tana riƙe wannan jeri da kanta tunda magana a jere take zuwa. Kukan da aka naɗa kuma a kai shi xeno-canto ko Macaulay Library, bayan an yanke shi da manhaja irin Audacity ba tare da an wanke shi da tacewa mai yawa ba.

A yi hattara da bayyana ainihin wurin sheƙar nau'o'in da ake farauta domin sayarwa. Ungulun da muka saba gani a mahauta ta shiga jerin halittun da suke gab da ƙarewa a 2015, kuma cinikin sassan jikinta yana cikin dalilan. Irin wannan bayani a miƙa shi ga masu kula da gandu ko masu bincike kai tsaye.

Idan na gama kwafewa, in goge fayilolin?

Kada a goge, tunda na bayanin baki ba su da nauyi. A ajiye kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kati ko rumbun intanet. Suna zama shaida idan wani ya tuhumi abin da ka rubuta, kuma suna ɗauke da abin da ba kai ka saka ba. Kwanakin baya na koma kan wani tsohon fayil domin tabbatar da adadin zalɓen da na ƙirga a wata fadama, sai na ji a bayan muryata tsuntsun nan ragon maza yana ta kukansa mai kama da ruwa na fita daga tulu, ya yi sau uku, alhali babu shi a jerin da na rubuta a ranar. Na ƙara shi a layin ƙari, na sa kwanan watan da na ji shi.